Rigar Intabiyun Tsinke

Zuwa ga ɗana Tsinke,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ya aiki, ya Gwaggonka da maigidanta da yara? Mu dai alhamdu lillahi. Gwiwar Babanka ce dai ta ƙi saki, in ya zauna sai an ba shi hannu, amma bakin lafiya lau, ba abin da ya same shi. Ni kuma kunnen nan yana nan yadda ka sani, shi ya sa na ce ka daina kirana, ni ina ta iye iye, kai kana ta ɗaga murya a cikin mutane. Rubutun ya fi mana. In ka ga kuskure ka gyara a ranka, ka san karatun uwarka bai yi nisa ba, ga yatsan nan nawa in na danna harafi ɗaya sai biyu su fito.

To na ga saƙonka cewa kamfanin magungunan nan sun kira ka intabiyu, aikin kula da sito. Wallahi ina tsaye a bakin famfo na karanta, sai da bokiti ya cika ya yi ta zuba ban sani ba. Na kai wa Babanka, ya sa tabarau ya karanta ya cire ya ce dama ya sani. Ka ji mutum. Shi da ko sunan kamfanin bai iya faɗa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Me za ka sa? Kada ka ce mini kana da kaya, na san kayanka. A shagon buhunan nan da kake zaune kan tebur kana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ko me ka sa ba mai kallonka. Amma can tun daga ƙofa za su fara karanta ka kafin su karanta takardunka. Matar mai kemis ta ce ƙaninta da ya je irin wannan, riga mai dogon hannu ya sa, mai kwala, ba fure ba rubutu a ƙirji, da baƙin wando da takalmi sawu-ciki. To ni na riga na shiga kasuwa na yanko yadi, ruwan sararin sama, mai haske kaɗan, ba ya sheƙi kuma ba ya nuna zufa da wuri. Na sa wa keken ɗinki mai, na canza allura. Ni zan ɗinka maka da hannuna.

Awo kuma kada ka damu. Rigarka mai layi-layi da ka bari a ƙusa ranar da za ka tafi tana nan a akwatina, ita na shimfiɗa a kan yadin na bi da alli. Shekara uku ke nan ban gan ka ba, amma ai ni na haife ka, ko ido rufe na san faɗin kafaɗar nan da ba ta kai allon wanki ba. Hotunan da kake turowa duk fuska ce, to na ga sumar nan ta taru, ka je mai aski ya rage ta. Kada ka bari sai ranar, ka yi tun da saura, don kan ya huce ya daina ƙyalli.

Ka gai da Gwaggonka.
Ummanka.

*

Umma,

Na gaishe ki da kyau, ke da Baba. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa da kunne. Nan kowa lafiya, Gwaggo na amsawa.

Na gode da addu'a. Intabiyun ranar Alhamis ɗin makon sama ne. Maganar riga, don Allah kada ki wahalar da idonki da bayanki, zan duba a nan in ga abin da zai yiwu. Askin zan yi. Ki yi haƙuri da gajeren saƙo, aiki ya yi yawa kwanan nan, motoci na ta shigowa.

Ɗanki.

*

Tsinke,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Wane irin kada in wahala? Ai ka makara, riga ta ɗinku har na yi mata ramin maɓalli. Babanka ya zauna a kaina yana ta surutu wai me ya sa nake bin gefe ɗaya sau biyu kamar mai neman abin da ya faɗi, na ce masa ranar da ya iya zura zare a allura sai mu yi maganar.

Na ba direban motar safe, wanda ke ajiye saƙo a shagon mai shayin tasha, ka je ka karɓa gobe. Leda ce baƙa na ɗaure da ƙyalle. A ciki akwai rigar, da safa baƙa sabuwa, da man takalmi, da ƙaramin sabulu. Sannan akwai naktayen Babanka. Wannan ba ruwana. Tun da ya bar tuƙin ofis da shi muke ɗaure gidan sauro a ƙusa, jiya ya kwance shi da kansa ya wanke ya sa na goge, ya ce manyan mutane sun gan shi da shi sun gaishe shi. Yanzu gidan sauron da igiyar shanya muka ɗaure.

Ka saurara da kyau. Rigar an ninke ta, sai ka sake goge ta, ka fara da kwala ta ciki, kada dutsen ya yi zafi sosai. In ka goge ka rataye, kada ka sa sai za ka fita. Ka cusa ta cikin wando ka ɗaura bel, ba irin sakin nan naku ba. Takalmin da ka sa ranar karɓar takardar makaranta, in yana nan, ka goge har dunduniya, don mutane suna goge gaba su manta baya, kuma bayan ne ake gani in ka juya za ka fita. Turare kaɗan, na hammata ya isa, ba a so ka shiga ɗaki mutane su fara atishawa. Ka wanke baki, kada ka shiga kana tauna cingam. Ka riƙe hankici a aljihu. In mota ta cika kada ka yarda a ɗora maka kaya ko ɗan wani a cinya, ka ce yau kam a yi haƙuri.

In ka gwada ka tsaya daga nesa Gwaggonka ta ɗauke ka hoto tun daga kai har ƙafa. Ina jira.

Ummanka.

*

Umma,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode, ki gode wa Baba. Kin yi ƙoƙari sosai. Amma ina ganin zan ari ta wani abokina in je da ita, wannan sai in ajiye. Kada ki damu.

Ɗanki.

*

Tsinke,

Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya.

Na ga saƙonka. Wai na yi ƙoƙari. Haka malamar ɗinki take ce wa yarinyar da ta ɗinka hannun riga a juye, ta yi ƙoƙari. To ba komai. Na san ɗinkin gida ba ya kai na kanti, ba shi da ɗan ƙyallen nan mai suna a bayan wuya. Ni dai abin da nake so ka samu aikin, ko buhu ka sa. Amma da ka faɗa mini abin da bai yi ba. Kalar ce? Kwalar ce ta yi irin ta da? Na bi ta da hankali wallahi, sai da na leƙa ta ɗan mai kemis a igiya na ga yadda ake yi yanzu.

Ban gaya wa Babanka ba, yana ta tambaya ko hoto ya zo, na ce masa sabis ne ba kyau.

Abokin naka wane ne, kuma wace irin riga ce? Ka turo in gani ko da ita ce.

Ummanka.

*

Zuwa ga Gwaggon yara,

Sallama. Ina gaishe ki da maigida da yara, da fatan ciwon kan nan ya bar ki. Yayanki yana gaishe ki, yana nan yana mulki daga kan kujera.

Don Allah wata alfarma nake nema. Ɗanki ya yi mini shiru. Na rubuta masa tun shekaranjiya, alama ta nuna ya buɗe ya karanta, ko uffan. Na sake tura gaisuwa kawai, ita ma shiru. Kin san na ɗinka masa rigar intabiyu, ya ce wai ta abokinsa zai ara. Ni na gane, yaro ya shiga gari ya ga yadda ake sa kaya, ɗinkin tsohuwa ya zama abin kunya. Ban ji haushi ba, ko kuma in ce na ji kaɗan, jiya na rufe keken da zani don ban son ganinsa. Amma ba wannan ba ne damuwata. Alhamis ta matso. Ke ce kike ganinsa safe da yamma, ɗakinsa na bayan kicin ɗinki. Ki duba mini abin da zai sa ɗin nan, kada a ba shi wata riga mai ƙyalƙyali ya je ya tsaya gaban mutane kamar mai tallan waya. Ki duba sumar, ki duba farce. In ma rigar tawa ba ya so, ki ba maigidanki ko ki yi tsumma da ita, kada dai ya ji nauyina ya kasa rubuto mini.

Kada ki ce na turo ki.

Matar Yayanki.

*

Matar Yaya,

Na amsa gaisuwa, muna lafiya, kan ya yi sauƙi. Ki ce wa Yaya ya rage mulki ya riƙa taka ƙafar.

To ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki yi mini kuka a kan waya, ba abin kuka ba ne. Na ce masa ke kika turo ni, don ni ban iya zagaye-zagaye ba.

Wanda kike kira Tsinke, rabonki da shi ya yi nisa. Wannan yanzu turmi ne. In ya tsaya a ƙofar kicin duhu yake yi mini. Rigar da kika auna da ita ko ɗana na biyu ba za ta shige shi da daɗi ba. Ranar da saƙonki ya zo da murnarsa ya shiga ɗaki, ina jinsa yana waƙa. Ya zura hannu ɗaya, ya zura na biyu da ƙyar, ya ja gaba zai sa maɓalli, sai ji ya yi ɓarrr a hammata. Shi ke nan ya cire ya ninke ya tura ƙarƙashin filo. Da na matsa masa ya ɗauko, riƙe ta ya yi kamar jariri, ya ce Gwaggo yaya zan ce wa Umma na yaga rigar da ta ɓata idonta a kai, tun ban je ko'ina da ita ba.

Na ce to ka ce ta yi maka kaɗan mana, ƙiba laifi ce? A nan ne sauran maganar take, kuma ni ma da hannuna a ciki, don ya roƙe ni na rufe. Aikin tebur ɗin nan bai daɗe a kai ba, mai shagon ya kawo ɗan 'yar'uwarsa ya zaunar. Shi kuma ya ƙi dawowa gida hannu biyu, ya koma cikin masu lodi. Buhu yake ɗauka, daga mota zuwa sito, daga sito zuwa mota. Kafaɗar ba ta abinci ba ce. Ya ce in ya ce riga ba ta shiga ba za ki tambayi dalili, ke kuma ba a yi miki ƙarya sau biyu. Ya ce kin sha zama kan keke har bayanki ya riƙe don ya yi karatu, ba don ya yi dako ba.

Rigar abokin kuma na gani. Wani ne ake ce masa Dogo, mai gyaran waya. Baƙa ce mai santsi da wani zanen zinare a kafaɗa, in ya motsa sai ta yi walƙiya. Na ce in dai ba rawa aka kira ka ba, ba za ka fita mini daga gida da wannan ba. Ta maigidana kuma kin san shi, cikin ya yi gaba, tsawon ya tsaya, da ya gwada ƙasan ko bel ba ta kai ba. Telan unguwa ya ce aiki ya yi masa yawa sai wani mako.

Abin da ya fi damuna, jiya ya fara cewa wai anya ma zai je. Wai ranar da ya kai takardu ya ga masu neman aikin da kwat da jaka, hannuwansu sumul. Ya buɗe mini tafinsa, duk kanta, farcen ya dushe, ga tsaga a yatsu. Ya ce da wannan zai miƙa takarda? Na yi masa faɗa, amma kin san faɗan Gwaggo, dariya yake ba su. Ke ce za ki yi magana. Askin dai ya yi, ya yi kyau.

Ƙanwar mijinki.

*

Ɗana,

Sallama. Muna lafiya, kuma ina so ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka ajiye waya.

Gwaggonka ta gaya mini komai, kada ka ga laifinta. Na zauna a bakin gado na sake karanta saƙonta. Da na karanta wa Babanka sai ya ce to mene ne, shi ma ai ya yi lodi a tasha kafin wani ya koya masa tuƙi, ko na manta lokacin da yake zuwa gidanmu wuyansa duk garin buhu? Ban manta ba. Kuma a haka na ce ina so. Abin da ya yi mini ciwo ɗaya ne, kana can kana ɗaukar kaya a ka, ni ina nan ina yi maka addu'ar Allah ya sa fankar ofis kada ta sa maka mura. Da na sani ai da addu'ar baya da wuya na yi ta yi. Wannan maganar mu ajiye ta sai ka zo. Ni ma na yi maka mummunan zato, na ce kunyar ɗinkina kake ji, to mun yi canjaras.

Yanzu ɗauko rigar. Ba ka yaga komai ba.

Juya ta ciki waje ka duba gefe, daga hammata zuwa ƙasa. Za ka ga layin ɗinki biyu ne ba ɗaya ba. Na can bakin yadi takunsa ƙanana ne a matse, wannan shi ne ɗinkin gaske, kada ka taɓa shi. Na cikin kuma takunsa dogo ne, sakwa-sakwa, a ƙasansa na bar jelar zare. Shi ne ka ji ya yi ƙara, kuma dama don ya tsinke aka yi shi. Tsakaninsu akwai rarar yadi ta kai yatsa uku kowane gefe. Haka na yi a hannuwan tun daga hammata har kusa da wuyan hannu. A baya kuma ƙarƙashin kafaɗa akwai ninki biyu da na kama da zare, in ka sake su bayan zai buɗe.

Haka nake yi wa duk rigar da na taɓa ɗinka maka tun kana rarrafe. Yadi ba ya samuwa kullum, yaro kuma ba ya jira. In na ga riga ta fara kama ka, sai in bari ka tafi makaranta in zare layin ciki in goge in mayar ƙusa. Wannan karon ma ban yi niyya ba, na ce ai ka gama girma, hannun ne kawai ya bi hanyarsa, har Babanka yana yi mini tsiya.

Ka ba Gwaggonka reza ta yanke kan zaren, ita hannunta ya fi naka sanyi, kai kuma ka ja a hankali. Kada a yi da almakashi. In an gama za ka ga sawun allura, ka yayyafa ruwa ka goge ta ciki, zai ɓace. Wuyan ne ban bar masa rara ba. Maɓallin sama a cire shi a matso da shi bakin kwala, in duk da haka yana shaƙe ka to ka bar shi a buɗe, guda ɗaya tak, ka sa fara singileti mai tsabta a ciki. Gara wuya a buɗe da mutum yana magana ido na fitowa. Naktaye kuma ka bar shi, ni zan san abin da zan gaya wa mai shi.

Sai hannu. Yau da gobe in ka dawo ka jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ka samu tsohon buroshin haƙori ka bi ƙarƙashin farce, ka goga lemon tsami, zai yi zafi a tsagar, ka daure. Ka yanke farcen daidai, ka shafa basilin ka kwana da shi. Ranar kuma kada ka shafa da yawa, zai ɓata takarda ya ɓata riga. Kantar ba za ta fita ba, kuma ban ce ta fita ba. Datti ne abin kunya, shi za ka wanke. In ka zauna kada ka tura su ƙarƙashin tebur kamar wanda ya ɗauki abin wani, ka ɗora su a sama. In an tambaye ka ka faɗi gaskiya.

Kuma za ka je. Wannan ba shawara ba ce.

Ummanka.

*

Umma,

Na gaishe ki, na gai da Baba. Ina lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi.

Mun yi yadda kika ce. Gwaggo ta zauna a tabarma da reza, ni ina ja, zaren na fitowa ɗan siriri kamar ba shi ya hana ni barci ba. Da na sa, maɓallai suka shiga ba gardama. Gwaggo ta ce ɗaga hannu, na ɗaga, ta ce rungumi kanka, na runguma, ba abin da ya yi ƙara. Sai ta juya baya wai hayaƙin kicin ya shiga mata ido, alhali ba a kunna wuta ba. Umma, ni fa tun ina yaro zatona kayana ne ba sa tsufa da wuri. Har gori nake yi wa 'yan ajinmu cewa rigata tare muke girma.

Yau na je. Na fita da wuri, na tsaya a mota ban zauna ba don kada bayan ya yamutse. An zaunar da mu a wani dogon benci a baranda. Masu kwat suna nan, ɗaya zufa ta jiƙa shi har ya cire ya riƙe a hannu. Na kusa da ni kuma kamar ya yi wanka da turare, sakatariyar ta tashi ta buɗe taga. Na tuna ki na danne dariya. Yaron kirki ne dai, har biro ya ara mini.

Mutum uku ne a ciki, maza biyu da wata mata mai tabarau, ita ce babba. Na yi sallama, na jira aka ce in zauna. Hannuwan nan da kansu suka nufi ƙarƙashin tebur, na dawo da su. Sun yi tambayoyin karatu, wasu na amsa da kyau, ɗaya ta kwamfuta na ce ban sani ba amma zan koya. Can matar ta kalli hannuna ta ce wane aiki nake yi yanzu. Na ce lodi nake yi a shagon buhuna, kafin nan na riƙe musu rubutun kaya. Ta ce me ya sa ban rubuta lodin a takarda ba. Na ce ban ɗauka abin rubutawa ba ne. Ta rubuta wani abu, ban san mene ne ba. Sun ce za su kira.

Ko ba su kira ba, na shiga na fito ban sunkuyar da kai ba. Ga hoto nan Gwaggo ta ɗauka, daga kai har ƙafa. Ki gaya wa Baba naktayensa ya je intabiyu, a aljihun wando na sa shi.

Ɗanki.

*

Tsinke,

Lafiya lau muke. Hoto ya zo. Na buɗe na ce wa Babanka wane ne wannan ƙaton da ya sa rigar ɗana. Ya karɓi wayar ya ƙi ba ni, har mai kemis sai da ya ɗingisa ya kai wa. Yana ta gaya wa mutane naktayen na aljihu, wai haka ake yayi yanzu. Hannun hagu ya ɗan fi na dama tsawo, ban san ko kai ne ka karkace ba. Sun kira? Kullum wayar na cikin zanina.

Ummanka.

*

Umma,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri na bari sai da na tabbata. Sun kira, sun ɗauke ni gwaji, in na yi kyau su tabbatar da ni. Zan fara ranar Litinin. Sai dai wani abu, kada ki ji haushi. Ashe a siton ba a sa kayan gida, yunifom suke bayarwa, riga da wando ruwan toka, telansu zai auna mu gobe. Taki na wanke na goge na rataye, da ita zan zo gida in na samu hutu.

Ɗanki.

*

Ɗana,

Alhamdu lillahi. Allah ya sa albarka, ya kare maka bayanka da wuyanka, ya haɗa ka da abokan aiki na gari. Babanka ya tashi tsaye ba wanda ya ba shi hannu, sai da ya tsaya sannan ya tuna da gwiwar.

Haushin me zan ji? Riga ta yi aikinta, ta kai ka ƙofa ta shigar da kai. Yunifom ɗin ma wanki da guga yake so, kada ka ce don na kamfani ne ka riƙa kwana da shi. Farcen nan kuma ka ci gaba da yankewa, magani za ka riƙa taɓawa.

Mai layi-layin nan na fitar da ita daga akwati, na ba matar mai kemis ta ba ɗanta. Na daɗe ina riƙe da ita kafin in miƙa, ba zan ɓoye maka ba. Gobe in telan ya auna ka, ka ce ya rubuta maka awon a 'yar takarda ka turo mini, kafaɗa da ƙirji da wuya da hannu, don akwai sauran yadi kuma na cire zanin da na rufe keke. Naktayen kuma ka ba direba ya dawo da shi, igiyar shanyar ta tsinke, gidan sauro a fuskarmu yake kwana.

Sannan ka ce wa telan, in ji uwarka, ya bar rara a ciki.

Ummanka.